Daga Gindin Tsamiya Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Koyar da Tsafi da Bori a Ƙasar Karaye da Rogo

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi diddigin hanyoyin da ilmin tsafi da bori ya bi yana fita daga hannun wani zuwa hannun wani a ƙasar Hausa, musamman a yammacin Kano, watau ƙasar Karaye da Rogo. Ba a shirya ta domin a yabi tsafi ba, ba kuma domin a koya wa kowa shi ba. Hukuncinsa a shari'a sananne ne, malamai sun daɗe da gama magana a kansa. Abin da ya rage wa mai nazarin tarihi shi ne ya tambaya: wa ke koyarwa, wa ake koya wa, da wane sharaɗi, kuma me ke salwanta duk lokacin da aka sauya hanyar koyarwar? Za a duba hanyoyi uku, watau baki, da takarda, da waya. Za a kuma leƙa Turai kaɗan, inda a yau ake koyar da maguzanci da sihiri ta intanet, domin kwatancin zai taimaka wajen fahimtar namu.

Ƙasar da mutanenta

Karaye tsohon gari ne. Littafin Tarihin Kano, wanda aka buga da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya ambace ta tun zamanin Sarki Yusa, wanda ake kira Tsaraki (1136 zuwa 1194), inda ya ce ya kai mata yaƙi har ta bi. A ƙarni na 17 kuma a nan ne Wambai Giwa ya zauna, ya yi ƙarfin da har ya tsorata fadar Kano. Rogo tana kudu da Karaye, a inda ƙasar Kano ta haɗa iyaka da Katsina da Zazzau. A shekarar 2024 an haɗa ƙananan hukumomin biyu a ƙarƙashin masarautar Karaye mai daraja ta biyu.

Wannan yanki, tare da Gwarzo da Malumfashi da Ƙafur, yana cikin wuraren da Maguzawa suka fi yawa a da. Maguzawa Hausawa ne manoma waɗanda suka tsaya a kan addinin kakanninsu. Yawancin masana suna ganin sunan ya samo asali ne daga kalmar Larabci ta Majusu, kuma kiransu da wannan suna ya ba masu mulki na Musulmi damar karɓar jizya daga gare su, su bar su a gonakinsu. Saboda haka ko bayan jihadin da ya kawar da Sarkin Kano Alwali a 1807, Maguzawa sun ci gaba da zama cikin manyan gidajensu na gandu a bayan gari, suna noma dawa da gero, suna cuɗanya da Musulmi a kasuwa da wurin biki.

Hanya ta farko: gado da girka

Tun a shafukan farko na Tarihin Kano an nuna cewa tsafi abu ne na ɓoye. Barbushe shi kaɗai yake shiga shingen da aka kewaye Tsumburbura da shi, kuma ya gaji sanin ne daga kakanninsa. Littafin ya nuna yadda sarakunan Kano na farko suka yi ta neman a faɗa musu asirin wannan tsafi, masu shi suna ƙi, sai a zamanin Tsamiya (1307 zuwa 1343) aka rushe wurin da ƙarfin yaƙi. Wannan ya nuna cewa a wancan zamani asirin kansa mulki ne, wanda ya ba da shi ya ba da ikonsa.

A gidan Bamaguje babu makaranta, babu allo, babu wani mutum da sana'arsa ita ce koyar da addini. Maigida shi ne mai yanka. Kafin faɗuwar damina, da bayan an kawar da amfanin gona, da lokacin aure ko ciwo, yakan je gindin tsamiya ko kuka, ko wurin jigon da aka kafa a cikin gida, ya yanka wa iskokin gidan abin da suka saba karɓa. Kowane iska da launin dabbarsa: wani jan zakara, wani baƙar akuya, wani farin rago. Yaro yana tsaye yana riƙe da ƙafar akuya, yana jin abin da ubansa ke faɗa, shekara da shekaru, har ranar da uban zai kau, wuƙa ta dawo hannunsa. Haka nan yake tashi ya san kan gidansu, watau abin da zuriyarsu ba ta ci ko ba ta kashewa. Maguzawa sun yarda akwai Allah Mahalicci, sai dai suna ganin al'amuran yau da kullum, ruwa da haihuwa da cuta, a hannun iskoki suke.

Abin lura a nan shi ne, wannan ilmi a ɗaure yake da jini da ƙasa. Baƙo ba ya iya saye, kuma ko ya ji kalmomin ba su da amfani gare shi, domin iskokin wani gida ba nasa ba ne. Wannan ne ma'anar karin maganar nan da ke cewa tsafi gaskiyar mai shi.

Bori kuwa ya sha bamban. Shi ba sai an gada ba, kuma ya fi ƙarfi a cikin garuruwan Musulmi, tsakanin mata. Yawanci ciwo ne ke kai mutum: wanda ya daɗe yana jinya, aka yi magani aka gaji, sai a ce iska ce ta taɓa shi, a kai shi girka. A wurin girka akan keɓe shi kwanaki, sau da yawa bakwai, ana ba shi jiƙo da turare, ana koya masa yadda zai ɗauki iskokin da ke kansa. Daga nan ya zama doki, in mace ce goɗiya. Zai san kirarin kowane iska da tsarensa, watau kayan da yake sawa, da halinsa: Ɗan Galadima ɗan sarki mai kyauta da caca, Malam Alhaji dattijo mai tari da tasbaha, Kuturu mai naɗaɗɗun yatsu, Sarkin Rafi mai tsalle ya faɗo da zama, Inna uwar iskoki wadda ake tsoron ambaton sunanta. An ce dukkansu mazauna wani birni ne da ake kira Jangare, mai sarki da alƙali da fadawa, daidai da tsarin sarautar Hausa.

Rabin wannan ilmi a hannun makaɗa yake. Mai garaya da mai goge da masu buta, da mata masu kiɗan ƙwarya, su ne suka haddace taken kowane iska, kuma in ba su kaɗa daidai ba bori ba ya hawa. A bisa dukkan waɗannan akwai Sarkin Bori da Magajiya, masu hukunta wanda ya saɓa. Ke nan a gado da girka duka, mai koyarwa ya san ɗalibinsa ido da ido, suna gari ɗaya, kuma in abu ya ɓaci an san ƙofar da za a buga.

Hanya ta biyu: takarda

Rubutu ya shigo wannan fage ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce ta malaman tsibbu, masu laya da hatimi da rubutun sha. Su ilminsu a rubuce yake cikin kundi, yana da tushe a littattafan Larabci irin su Shamsul Ma'arif da ake danganta wa Albuni. Mafi shahara cikin mutanen ƙasar Hausa a wannan fanni shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya yi hajji ya zauna a Alƙahira, ya wallafa Durrul Manzum a kan ilmin asirai, ya kuma yi rubutu a kan lissafin hatimi a 1732. Ya rasu a 1741 a gidan Hasanul Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Amma duk da kasancewar abin a takarda, malaman nan sun riƙe sharaɗin izini. Kundi ba ya aiki sai malami ya ba da izini da bakinsa, kuma sau da yawa akan bar wani abu ba a rubuta ba, domin kada wanda ya saci kundin ya amfana. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Nurul Albab da wasu littattafansa, ya yi kakkausar suka ga masu yanka wa itatuwa da duwatsu da masu duba, bai kuma ƙyale malaman da ke gauraya waɗannan da addini ba.

Ƙofa ta biyu ita ce ta Turawa masu bincike. Manjo Tremearne ya buga Hausa Superstitions and Customs a 1913, sa'an nan The Ban of the Bori a 1914. Da yake hukumar Ingilishi ta hana bori a farkon mulkinta, sai da ya tafi Tunis da Tarabulus, wurin Hausawan da ke can, kafin ya tara yawancin abin da ke cikin littafi na biyu. Joseph Greenberg, Ba'amurke, ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, ya fitar da littafinsa a kan tasirin Musulunci ga addininsu a 1946. Ya nuna cewa Maguzawa sun ɗauki abubuwa da yawa daga malaman Musulmi na ƙauye, har suka daidaita iskokinsu da aljannu. Anthony King ya rubuta kirarin bori na Katsina a 1966. Murray Last ya zauna a gidan Maguzawa kusa da Malumfashi a farkon shekarun 1970. Fremont Besmer ya buga littafinsa a kan 'yan bori da makaɗansu a 1983.

A cikin waɗannan ayyuka akwai ɗaya da ya fi kusa da ƙasar da ake magana a kanta, watau labarin Baba mutuniyar Karo. An haifi Baba wajen 1877, ta yi ƙuruciyarta a Karo kusa da Zarewa, wadda a yau take cikin ƙaramar hukumar Rogo. Musulma ce, zuriyar Barebari. A ƙarshen 1949 da farkon 1950, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, ta zauna da Mary Smith, matar M. G. Smith mai binciken tarihin sarautar Zazzau, tana ba ta labarin rayuwarta da Hausa, ita kuwa tana rubutawa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito da Turanci a 1954. A cikinsa ta yi maganar bori kamar yadda ake maganar kasuwa ko suna, abu ne na yau da kullum. Ta ambaci iskoki da sunayensu, ta faɗi yadda mata ke neman su saboda haihuwa da ciwo, ta kuma nuna cewa masu sarauta suna so, har wasu malamai ma suna nema a ɓoye. Ba ta shiga cikin asirin girka ba, ta faɗi abin da macen gari ta gani ne da idonta, kuma wannan ne ya ba shaidarta nauyi.

To, amma su wa suka karanta? Ɗalibai a London da Chicago sun san Karo da Zarewa ta bakin Baba shekaru da dama kafin a buga nassin Hausar da ta faɗa. Jikokin mutanen da Greenberg ya zauna da su ba su da hanyar ganin abin da aka rubuta a kan kakanninsu, domin da Turanci yake, kuma a ɗakunan karatu na ƙetare. Sai daga shekarun 1970 ne sassan Hausa na jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato suka fara fitar da kundayen digiri a kan al'ada, da bori, da magungunan gargajiya, cikin harshen masu abin. Takarda ta adana sunaye da kirari da siffar bukukuwa, wannan kuwa babban alheri ne ga tarihi. Abin da ba ta iya ɗauka ba shi ne dangantakar da ke tsakanin uba da ɗa a gindin jigo.

Yadda abin ya kasance a Turai

A shekarar da littafin Baba ya fito, watau 1954, wani Bature ɗan Ingila mai suna Gerald Gardner ya buga Witchcraft Today, shekara uku bayan majalisar ƙasarsu ta soke tsohuwar dokar hana maita. Ya yi da'awar cewa ya samu ragowar wani tsohon addini na kafin Kiristanci, ya dogara ƙwarai da ra'ayin Margaret Murray na 1921. Wannan shi ne mafarin abin da ake kira Wicca. Masana tarihi, musamman Ronald Hutton a littafinsa na 1999, sun nuna cewa sabon gini ne da aka harhaɗa daga littattafai, har da rubuce-rubucen Aleister Crowley a kan sihiri.

Da farko mabiya Gardner sun sa sharaɗin shigarwa, wani abu mai kama da girka, a cikin ƙananan ƙungiyoyi. Amma a 1988 Scott Cunningham na Amurka ya fitar da littafi domin mai yi shi kaɗai, wanda ya nuna cewa mai karatu yana iya shigar da kansa ba tare da malami ba. Da intanet ta zo sai ƙofa ta buɗe gaba ɗaya. Dandalin Witchvox ya yi aiki daga 1997 zuwa 2019 yana haɗa marubuta da masu karatunsu, aka kuma buɗe makarantu masu ba da darasi da jarrabawa ta kwamfuta. A ƙidayar Ingila da Wales ta 2021, mutum wajen 74,000 suka rubuta cewa su maguzawa ne, wasu 13,000 suka rubuta Wicca.

Bambancin a fili yake. Maguzancin Turai na zamani a cikin littafi aka haife shi, don haka intanet ba ta rage masa kome ba, mai karatu shi ne mabiyi tun asali. Na Karaye da Rogo kuwa a gona da gandu ya rayu, bai taɓa neman mabiya ba, bai kuma san wa'azi ba. Addinin da ba ya karɓar baƙo ba shi da abin da zai faɗa wa mai karatu na nesa.

Hanya ta uku: rediyo da waya

A rabin ƙarni na 20 na biyu ne gidajen Maguzawa suka fara watsewa. Yawon musuluntarwa na Sardaunan Sakkwato daga 1963 zuwa 1965, da ayyukan ƙungiyoyin da'awa bayansa, sun shigar da da yawa Musulunci. Wasu kuma suka bi mishan, musamman SIM da cocin ECWA da ta gaje ta, suka zama Hausawa Kirista. Makarantar boko da cin rani da rabon gandu sun raba samari da iyayensu. In ɗa ya musulunta ko ya shiga coci, ranar da uban ya mutu babu mai karɓar wuƙa, sai jigo ya ruɓe a inda yake. Bori ma ya ja baya. Dokar Penal Code ta Arewa ta 1960 ta tanadi hukunci a kan maita da tsafi, a tsakiyar shekarun 1990 ruƙiyya ta bazu a Kano ta hanyar kaset da wa'azi, sa'an nan aka ƙaddamar da shari'a a jihar a 2000.

Sai dai buƙatun da suka kai mutane gindin tsamiya ba su tafi ko'ina ba. Har yanzu akwai mai neman haihuwa, da mai neman kasuwa, da mai tsoron sammu, da matar da kishiya ta dama. Wayar hannu ta fara bazuwa a Nijeriya a 2001, gidajen rediyo masu zaman kansu suka yawaita, masu maganin gargajiya suka fara sayen fili suna faɗin lambar wayarsu. Daga nan aka koma Facebook da WhatsApp da TikTok, inda ake samun masu tallar asirin mallaka da farin jini da buɗin kasuwa, da masu rarraba hotunan hatimi da laƙani ga duk wanda ya nema. Yawancinsu ba sa kiran kansu bokaye, sun fi son a ce malam. Matashin Rogo ko Karaye na yau ya fi sanin boka ta fim ɗin Hausa, mai jan ƙyalle da ƙaho da dariyar mugunta, alhali wataƙila kakan kakansa maigida ne mai yanka, manomi mai mutunci a cikin danginsa.

Abin da ke yawo a waya, in an duba da kyau, gutsattsarin kundin tsibbu ne da sunayen iskokin bori, an raba su da izini, an raba su da girka, an raba su da garin da zai tuhumi mai bayarwa. Bokan ƙauye, kome sharrinsa, yana kwana cikin mutanen da yake yi wa aiki, in ya cuci wani gobe za su haɗu a kasuwa. Mai lambar waya kuwa yana karɓar kuɗi ta banki, ya kashe layi. Wannan ya sa damfara ta yi yawa a wannan hanya, kuma mata da marasa lafiya su ne suka fi shan wahalarta, domin kunya ba ta barinsu su kai ƙara.

Kammalawa

An ga cewa a kowane mataki masu ji suna ƙaruwa, alhakin mai koyarwa yana raguwa. Maigidan Bamaguje ɗansa kaɗai yake koya wa, kuma shi ke ɗaukar nauyin gidan. Malamin tsibbu ya rubuta, amma ya riƙe izini. Mai bincike ya buga wa duniya, ya bar masu abin ba su gani ba. Mai waya yana magana da dubbai, bai san fuskar ko ɗaya ba.

Akwai aiki biyu a gaban jami'a. Na farko, tsofaffin da suka ga yanka a gindin jigo da idonsu, a ƙauyukan Rogo da Karaye da Gwarzo, sun kusa ƙarewa, kuma yawancinsu yau Musulmi ne ko Kirista waɗanda ba sa son a tuna musu. Ya kamata a je musu da ladabi, a ɗauki abin da suka yarda su faɗa, na sunayen zuriya da waƙoƙin noma da bukukuwa da sanin itatuwa, a ɓoye sunan wanda ya nemi a ɓoye. Rubuta tarihin abu dabam ne da yin imani da shi, malaman Musulunci na farko ma sun rubuta labarin gumakan Larabawa da waƙoƙin jahiliyya, ba su kuwa zama masu bautarsu ba. Na biyu, a fassara ayyukan Greenberg da Besmer da sauransu zuwa Hausa, a kai labarin Baba makarantun Zarewa da Rogo, domin yaran wurin su karanta abin da tsohuwar garinsu ta faɗa da harshensu. Wanda ya san yadda abin yake a asalinsa, da sharuɗɗansa da iyakarsa, da wuya mai lambar waya ya ruɗe shi da hoton hatimi.